Ni matar aure ce, shin ina cikin waɗanda ake ba wa maganin kariya daga ƙanjamau?

Assalamu alaikum Anti. Shekaruna 31, shekara 8 ke nan da aurena, 'ya'yanmu uku, ƙaramar watanta tara ina shayar da ita. Aikin maigidana na tafiye-tafiye ne, wani lokaci sai ya yi wata biyu bai kwana gida ba. A cikin wata shidan nan sau biyu ina zuwa asibiti da ciwon mara da fitar ruwa, aka gwada aka ce ciwon sanyi ne irin wanda ake ɗauka ta saduwa. Allah ne shaidata, ban san wani namiji ba sai shi. Na ce ya je a duba shi, ya ce lafiyarsa ƙalau. Da na ambaci kwaroron roba kuwa, kwana uku bai yi min magana ba. A zuwana na biyu wata ma'aikaciyar jinya ta ja ni gefe ta ce akwai maganin da ake sha don kada a kamu da HIV. Na tambayi ƙawata, ta ce ai wannan na mata masu zaman kansu ne, in rufa wa kaina asiri. Gwajina na ƙarshe a wajen awon ciki aka yi, ba ni da ita. Shin da gaske akwai wannan magani? Za a ba wa irina? Zai cutar da jaririyata? In ya ga kwalbar fa, me zan ce?

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Akwai shi, kuma daga abin da kika rubuta kina cikin waɗanda aka yi shi dominsu. Na fara da wannan ne don ki karanta sauran da kwanciyar hankali.

Sunansa PrEP, haka za ki ji ana kiransa a asibiti. Wanda aka fi sani ƙwaya ce guda ɗaya da ake haɗiya kullum, a cikinta akwai magunguna biyu, tenofovir da emtricitabine. Ƙwayar cutar HIV ba ta iya zama a jiki sai ta shiga cikin ƙwayoyin garkuwar jiki ta kwafi kanta, ta yi ta yaɗuwa. Idan ta shigo ta tarar maganin ya riga ta zama a wurin, sai ya toshe mata hanyar yin kwafin, ta mutu ba ta kafa gida ba. Ba sabon abu ba ne. Tun 2012 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi, a 2015 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a miƙa shi ga duk wanda ke cikin haɗarin kamuwa sosai. Wanda ya sha shi yadda aka ce, haɗarin ɗaukar cutar ta hanyar saduwa yana raguwa da kusan kashi 99 cikin 100.

Ƙawarki ba ƙarya ta ƙirƙira ba, rabin labari ta ji. Da aka fara raba maganin, a wurare da yawa an fi kai shi ga wasu rukunai da aka san cutar ta fi yawa a cikinsu, har da mata masu zaman kansu, sai sunan ya manne masa. Wannan mannewa ta cuci mata irinki ba kaɗan ba. Matar aure takan ji labarin maganin ta kawar da kai, ma'aikacin lafiya ma yakan ga zobe da goyo a baya sai ya ƙi kawo maganar, don kada a ce ya ci mata fuska. Kowa ya yi shiru saboda kunya, ita kuwa ƙwayar cutar ba ta tambayar takardar aure. Alƙaluman hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙanjamau sun nuna cewa a 2023, kashi 44 cikin 100 na sababbin kamuwa a duniya mata ne da 'yan mata. A shekarar, kowane mako 'yan mata da matasan mata kusan 4,000 masu shekara 15 zuwa 24 ne ke kamuwa. Abin da shawarar 2015 ta gyara ke nan: aka daina kallon wane iri ne mutum, aka koma kallon halin da yake ciki. A Amurka ma, tun 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ce a sanar da duk baligin da ke saduwa cewa maganin yana nan, kuma a ba wanda ya nema ko da bai faɗi dalilinsa ba.

To mene ne ake dubawa? A tabbatar ba ki ɗauke da cutar. A tabbatar ba ki da alamun sabon kamuwa. Sannan a ga ko akwai hanyar da za ta iya riskar ki: abokin kwanciyar da ba a san matsayinsa ba kuma ba a amfani da kwaroron roba, ko kamuwa da wata cutar saduwa cikin wata shida da suka wuce, ko miji mai ɗauke da HIV wanda bai fara magani ba ko maganin bai gama danne ƙwayar a jininsa ba. Ki ƙirga da kanki. Ba ki san sakamakon gwajinsa ba, ya ƙi roba, ciwon sanyi sau biyu cikin wata shida. Ɗaya daga cikin waɗannan ma ya isa a zauna da ke a yi maganar. Ki ƙara da abin da ba ki lissafa ba: lokacin juna biyu da watannin bayan haihuwa, jikin mace ya fi saurin ɗaukar cutar, kuma kumburin da ciwon sanyi ke sawa a gaba yana buɗe mata ƙofa.

Ba zan yanke wa maigidanki hukunci daga wasiƙa ɗaya ba, ban ji ta bakinsa ba. Zai yiwu da ya ce lafiyarsa ƙalau, iyakar abin da yake ji ya faɗa, domin wasu daga cikin cututtukan nan sukan zauna a jikin namiji ba zafi ba alama. Amma hakan na nufin muddin ba a yi masa magani ba, duk wanda aka yi miki kamar shara ce ana iska. Kuma ba sai kin kama shi da hujja a hannu ba kafin ki kare jininki. Takardun asibitin nan biyu sun ishe ki hujja a gaban likita.

Yanzu ga inda nake so ki tsaya sosai. Gwajin da aka yi miki a wajen awo ya tsufa. Kafin a ba ki ko ƙwaya ɗaya sai an sake shi, kuma ba don a wahalar da ke ba ne. Mai ɗauke da HIV ana ba shi haɗin magunguna uku. PrEP biyu ne kacal. In mace ta riga ta kamu ba ta sani ba ta fara shan biyun, ba za su danne cutar ba, sai ma su koya mata yadda za ta bijire wa magani, gobe a zo yi mata magani na gaske a sha wuya. Shi ya sa ba a aron PrEP daga ƙawa, ba a sayensa a ɓoye a fara sha kai tsaye.

Gwajin kansa ba wani abu ba ne. Za a goge miki yatsa, a soka ɗan tsinke, a ɗiga jini a kan 'yar leda mai kama da ta gwajin ciki, ki zauna minti 15 zuwa 20. Mintocin nan suna da tsawo, na sani. Za ki ga kina ƙirga tayil ɗin ƙasa, kina karanta takardar da ke manne a bango sau uku ba ki fahimci komai ba. Ki daure. Sai dai gwajin yana da makafin kwanaki: wanda ya kamu cikin 'yan makonnin nan, zai iya nuna babu alhali akwai. Don haka za a tambaye ki yaushe rabonki da maigidan, da ko kin yi zazzaɓi, ciwon maƙogwaro, ƙuraje ko kumburin kaluluwa a makonnin da suka biyo baya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ki faɗi kwanan wata yadda yake. In ya zamana saduwar ba ta wuce awa 72 ba, akwai wani tsarin daban da ake kira PEP, na gaggawa, ana shan sa kwana 28, daga nan a zarce da ke kan PrEP.

In kuwa gwajin ya nuna akwai, Allah ya kiyaye, ki sani ba ƙarshen zance ba ne. A ranar ake iya fara magani, za a gwada jaririyar, za a ba ta nata kariya, a kuma gaya miki yadda za ki yi da shayarwa. Mai shan maganinsa a kan kari har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jini yana rayuwa mai tsawo, kuma ba ya shafa wa abokin kwanciyarsa. Na faɗi wannan ne don tsoron sakamako shi ke hana mata da yawa taka ƙafa asibiti, har a rasa damar da ake da ita.

Batun jaririyar ya fi sauƙi. Abin da ke ratsawa cikin nono daga ƙwayar PrEP kaɗan ne ƙwarai, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda mai ciki da mai shayarwa su sha. Abin tsoron yana ɗaya ɓangaren. Uwar da ta kamu tana tsakiyar shayarwa, ƙwayar cutar takan yi yawa sosai a jininta da nononta a makonnin farko, lokacin da ita kanta ba ta san komai ba, kuma a nan ne jariri ya fi shiga haɗari. Kare kanki a yanzu kare ta ne. Maganin ba ya karo da ƙwayar tazarar haihuwa, ko allurarta, ko ashanar hannu, kuma ba ya hana ɗaukar ciki in kin tashi.

Ga wani tarihi da ba a cika ba mata ba, ni kuwa ina ganin ya kamata ki ji shi kafin ki karɓi kwalbar. An yi manyan gwaje-gwaje biyu na maganin a kan mata da suka fito ba nasara. Na farko, a Kenya da Afirka ta Kudu da Tanzaniya, an dakatar da shi a 2011. Na biyu ya haɗa mata fiye da 5,000 a Afirka ta Kudu da Yuganda da Zimbabuwe, sakamakonsa ya fito a 2013. Aka fara raɗe-raɗin ko maganin ba ya aiki a jikin mace. Da aka koma kan jinin da aka ɗiba a gwaji na biyun, sai aka tarar ƙasa da kashi ɗaya cikin uku ne ke da alamar maganin a jiki, alhali mafi yawansu sun ce suna sha. Da aka zauna da su daga baya, wasu suka ce tsoro suke a gan su da ƙwayar a ɗauka suna da cutar, wasu mazajensu suke tsoro. Wato tambayarki ta ƙarshe ita ce ta kayar da su. A wani gwajin kuma, na ma'aurata a Kenya da Yuganda inda ɗaya ke da cutar ɗaya ba shi da ita, matan sun sha da sanin mazajensu, maganin ya kare su sosai. Ƙwayar ɗaya ce. Bambancin, waɗannan sun haɗiye, waɗancan sun ajiye.

A jikin mace kuma wasa da shi ya fi tsada, domin maganin ba ya taruwa a fatar gaba da yawa kamar yadda yake taruwa a wasu sassan jiki. In kika ji ana cewa ana iya shan biyu kafin saduwa, ɗaya washegari, ɗaya jibi, wannan tsari ba na mata ba ne. Naki kullum ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi kwana 7 ana sha kafin a dogara da shi, wasu likitocin kuma sukan ce a ba shi har mako uku, ki bi abin da naki likitan ya ce. In za a daina, sai an ƙara kwana 7 bayan saduwar ƙarshe. Na san abin da zai zo miki a rai: tunda yakan yi wata biyu ba ya nan, me zai hana in riƙa sha sai ya kusa dawowa? A ƙa'ida ana iya haka. Amma mijin da kan iya kwankwasa ƙofa da dare ba sanarwa, ba a yi masa wannan lissafi. Ni dai da ni ce, kullum zan sha, in ɗaura shi da wani abin da ba na mantawa, kamar goge baki da safe.

Makonnin farko wasu kan ji tashin zuciya, ciwon kai ko lalacewar ciki, kamar mutum ɗaya cikin goma, kuma yakan wuce da kansa cikin wata guda. Za a iya duba ƙodarki. Ki nemi a gwada ki ciwon hanta nau'in B, don tenofovir yana danne shi ma, kuma mai shi in ya yanke maganin farat ɗaya hantar kan iya tashi. Duk wata uku za ki koma a sake gwajin HIV a ba ki na gaba.

In kin san ƙwayar kullum za ta gagare ki, yanzu akwai zaɓi. Akwai allurar cabotegravir da ake yi a ɗuwawu, biyun farko tsakaninsu wata ɗaya, daga nan duk bayan wata biyu. A gwajin da aka yi da mata fiye da 3,000 a ƙasashe bakwai na Afirka, waɗanda aka yi wa allurar sun fi masu shan ƙwaya tsira da kusan kashi 90 cikin 100, mafi yawa don allura ba a mantawa da ita a jaka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2022. Sai lenacapavir, wadda ake yi a ƙarƙashin fatar ciki sau biyu kacal a shekara. A sakamakon da ya fito a 2024 daga Afirka ta Kudu da Yuganda, cikin mata 2,134 da aka yi wa ita ba ko ɗaya da ta kamu, kuma a Yulin 2025 hukumar ta ba da shawarar amfani da ita. Takan bar ɗan kulu a wurin da aka soka, ki san da wannan tunda kina tunanin abin da ido zai gani. Akwai kuma zoben roba mai ɗauke da dapivirine da mace ke sa wa kanta a gaba ta canza duk wata, amma kariyarsa ba ta kai ta sauran ba, a gwaje-gwajen farko kusan kashi 30 ne. Ba kowane asibiti ke da alluran ba tukuna, ki tambaya. Kuma mai allura ba ta wasa da ranar komawa, don maganin yakan daɗe a jiki yana raguwa a hankali, ya kai matakin da bai isa kariya ba. Tunda kina shayarwa, ƙwayar ce aka fi daɗewa ana nazarinta a kan masu goyo, ki sa wannan a ma'auni ke da likita.

Kada ki ɗora wa PrEP abin da ba nasa ba. HIV kaɗai yake tarewa. Ciwon sanyi da tunjere za su shigo ta gabansa su wuce, kuma ciwon sanyin da ake ta maimaitawa yakan kai ga toshe hanyoyin mahaifa. Don haka maganar kai maigidan a yi masa magani tana nan daram.

Sai kwalbar. Gaskiya ne, tana kama da ta masu ɗauke da cutar, don magungunan nan biyu suna cikin waɗanda ake haɗawa a yi musu magani. Wanda ya karanta sunan ya bincika a waya zai iya fahimtar abin a baibai. Amincewar miji ba ta cikin sharuɗɗan ba da maganin, ke baliga ce kuma jikinki ne. Amma ba zan yaudare ki ba: abin da miji ya tsinta da kansa a ƙasan akwati ya fi tayar da ƙura a kan wanda aka gaya masa. Ra'ayina shi ne ki fara zuwa gwaji ki fara maganin, kada ki jingina lafiyarki da ranar da zai sauko. Bayan nan ki nemi lokacin da yake cikin walwala, ba daren da ya dawo a gajiye ba, kuma kada ki shigo da zancen ta ƙofar zargi. Ki ce masa asibiti sun ga ciwon ya dawo sau biyu, sun ɗora ki a kan maganin kariya saboda yarinyar da ke shan nono, sun kuma ce ku zo tare a duba ku. Duk wannan gaskiya ne. Asibitoci da yawa sukan ba da takardar gayyata ga miji, maza kuma sun fi jin magana in daga likita ta fito. Ki riƙe takardar sakamakonki da ke nuna ba ki da cutar, ita ce amsar duk wanda ya ga kwalba ya yi zato.

Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kin ce kwana uku ya yi bai kula ki ba. In abin ya taɓa wuce shiru, in ya taɓa ɗaga miki hannu ko ya tilasta miki, to ki ajiye shawarar da na ba ki a sama, ki fara gaya wa ma'aikaciyar lafiyar. A irin wannan hali allura ta fi kwalba, kuma sun san inda za su haɗa ki da masu taimako. In ƙwayar ce kaɗai ke akwai, ki bar ta cikin kwalbarta ta asali, akwai ɗan ƙunshin da ke tsotse danshi a ciki, kada ki jefar da shi. Ki ajiye ta inda rana ba ta bugu, inda hannun yara ba ya kai.

Ki koma wajen ma'aikaciyar jinyar nan da ta ja ki gefe. Wadda ta yi wannan ta riga ta karanci halin da kike ciki, ba sai kin fara daga farko ba. In ba ki same ta ba, ki ce wa wanda kika tarar: «Ina so a yi min gwajin HIV, kuma ina so mu yi maganar PrEP.» In ya ɗaga gira ya ce ba ke matar aure ba ce, ki ce e, ki miƙa masa takardun ciwon sanyin nan guda biyu. Ki tafi da katin awonki, da sunan maganin tazarar haihuwar da kike amfani da shi in akwai, da ranar da maigidan ya kwana gida na ƙarshe.